Ranar da Muka Ɗumama wa Mama Rafi

Da burkutu Mama ta yi mana makaranta, mu ukun da muka rayu cikin 'ya'yanta. Ina faɗin haka a gaban kowa, har a ofishin malamai, kuma ban taɓa sunkuyar da kai ba. Babanmu ya rasu ya bar mata gonar citta ɗaya a wani ƙauye bayan Kwoi, da yara masu ci ba ƙoshi. Citta sau ɗaya take biya a shekara, wata shekarar ma ta ƙi. Tukunya kuwa duk mako tana biya. Saboda haka Mama ta jiƙa dawa, ta shanya tsiro, ta niƙa, ta tsaya a bakin murhu hayaƙi yana cin idonta, har yayanmu ya zama fasto, ni na zama malamar makaranta, autarmu kuma ta koyi ɗinki ta buɗe shago a Kafanchan.

A ikilisiyarmu ba a yi wa mai dafa burkutu baftisma. Haka muka taso muka tarar, kuma ba a yi mata wannan doka ita kaɗai ba. Ba wanda ya hana ta shiga coci. Ita ce ma take riga kowa zuwa, ita ke share harabar ran Asabar, kuma ranar godiyar kaka cittar da ta fi kowace girma a gonarta ita take kaiwa gaba. Amma wurin zamanta bencin ƙarshe ne, kusa da ƙofa. Duk Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji, da an gama wa'azi sai sakataren coci ya miƙe ya roƙi waɗanda ba su yi baftisma ba su ba da wuri. Mama ta gyara zanenta, ta fita tare da ƙananan yara da waɗanda aka sa a horo, ta zauna a gindin mangwaro har a tashi.

Ina sakandare aka yi mini tawa baftismar. Lahadin farko da na zauna a ciki, sai na waiga na ga bayan uwata tana fita, a hankali, don kada takalminta ya yi ƙara. Aka miƙo mini gurasar Jibin, na karɓa idona yana ƙofa. Na ji haushi a ranar, kuma har yau in na tuna ina jin sa.

Dattawan ikilisiya sukan zo gida lokaci lokaci, su zauna a kan kututture, su yi mata nasiha cikin ladabi: ta bar tukunya, su kuma su kai ta rafi a yi mata baftisma. Ni da bakina ba ya shiru, na taɓa tambayarsu ko sun san 'yan'uwansu nawa ne ke zagayowa ta bayan gidanmu da ƙwarya a hammata. Mama ta harare ni har na shige ɗaki. Da yarenmu take faɗa, da shi take ciniki, amma duk maganar da ta shafi Allah da Hausa take yin ta, don da Hausa aka kawo mata labarinsa. Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Na ji, baba," takan ce wa babban dattijon. "Bari ƙaramin ya gama tukuna."

Auta ta gama, sai ga 'ya'yan ƙanen babanmu da suka zama marayu. Su ma ta ce bari su gama. Ba ta sauke tukunyar nan ba sai da gwiwoyinta suka ƙi tsayuwa a bakin wuta. Ita da kanta take ba da labarin tana dariya, wai ƙafarta ce ta riga ta tuba. A farkon wata damina ta shiga ajin baftisma, tsohuwa mai furfura a tsakiyar 'yan mata da samarin da ta yi jika da su. Ba ta iya karatu ba, amma duk tambayar da malamin aji ya yi sau ɗaya ta zauna mata. A wurinmu sau ɗaya ake baftisma a shekara, a watan Disamba, lokacin haƙar citta, a rafin da ke gangarowa daga duwatsu. Mama ta sa Auta ta ɗinka mata farar riga tun masara ba ta yi goyo ba.

Ana tsakiyar damina ƙafafunta suka kumbura. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta huta. Na ɗauko ta zuwa gidana a Kafanchan, muka je asibiti a keke napep, likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Ba ta iya kwanciya a miƙe, da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe, saboda haka a zaune take barci, an tara mata matasan kai a baya. Likita ya ce ta guji sanyi, ta guji wahala, ta guji gishiri. Da muka zo fita na koma ni kaɗai na tambaye shi ko za a iya nutsar da ita a rafi a watan Disamba. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce zan ɗora ta a bayan mashin zuwa Legas. Ya ce ruwan sanyi, da kwantar da ita ta baya, da riƙe numfashi, kowane ɗaya cikin ukun nan ya isa ya tsayar da zuciya irin tata.

Na kira Yaya da Auta. Wata Asabar da rana suka haɗu a falona, Mama tana zaune a kujerar da ta zama gadonta, tana ɓare agushi a faifai.

Sai na ɗan faɗi yadda mutanen nan biyu suke. Yaya yana riƙe da ikilisiya a wajen Mararaban Rido, kuma a lokacin an riga an naɗa shi Rabaran. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bari. Auta kuwa aure ya kai ta cocin mijinta, inda ake zuba wa jarirai ruwa a ka tun suna goye, kuma ta shiga da zuciya ɗaya, ba don miji kawai ba. Tun ranar da aka yi wa ɗanta na fari baftisma yana cikin tawul, ita da Yaya suke gardama a kan ruwa. Ba bikin da za a yi a gidanmu ba su taɓa ba. Mu sauran har mun haddace inda kowa zai shiga da inda zai fita.

Auta ce ta fara, idonta jawur.

"Ni fa ba zan jira Disamba ba. Na yi magana da Fada, limamin cocinmu, ya ce in Mama ta yarda zai zo har nan. Ruwa kaɗan ne, a ka. Ba sanyi, ba wahala. Yaya, baftisma ba wasa ba ce, sabuwar haihuwa ce. Allah da kansa ya haɗa ruwa da Ruhu, ba ni na haɗa ba. In wani abu ya same ta yau fa?"

"In wani abu ya same ta yau, tana wurin Ubangiji," in ji Yaya. "Bangaskiya ce ke ceto, ba rafi ba, ba kofi ba. Ruwa shaida ne na abin da ya riga ya faru a zuciya. Zoben aure ne. In zobe ya faɗa rijiya, auren ya mutu ke nan?"

Zoben nan na Yaya duk shekara sai ya faɗa rijiya. Na san kuma abin da zai biyo baya, ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya shiga Firdausi ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ilai kuwa ya kawo shi.

"Wannan an kafe shi da ƙusa ne, Yaya," in ji Auta. "Mama wa ya kafe ta? Ga ruwa a famfo."

Suka yi ta jifan juna da ayoyi, kowa ya san nasa ya san na ɗan'uwansa. Ina sauraro sai na lura da abin da bai taɓa faruwa ba: bakinsu ya zo ɗaya ba su sani ba. Auta ta ce ruwa yana ceto, don haka a zuba mata yanzu a ɗaki, a manta da rafi. Yaya ya ce ruwa ba ya ceto, don haka ba dalilin da za a kai mai ciwon zuciya rafi. Ta hanya biyu dabam duk sun iso wuri ɗaya, wato farar rigar Mama ta ci gaba da zama a akwati.

Ni a kan maganar ceto ina tare da Yaya, a lokacin da kuma yanzu, ba na ko shakka. Na ga mutanen da aka nutsar har ƙafarsu ta bar ƙasa, mako bai zagayo ba suka koma dukan matansu. Na kuma ga uwata da asuba a bakin murhu, tana juya tukunya tana kiran sunan Yesu a kan kowane ɗayanmu. Ba malamin da zai zaunar da ni ya gaya mini cewa duk shekarun nan ita ba ta Allah ba ce don ba ta shiga rafi ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, kuma na fitar da shi.

"Yaya, shekara sama da talatin kuna hana ta abin nan. Duk wata tana fita ta zauna da yara a gindin mangwaro saboda shi. Yau da ta kai hannu za ta karɓa, sai ka ce mata ba kome ba ne?"

"Ban ce ba kome ba ne," ya ce, muryarsa ta ɗan tashi, abin da ba ya yi. "Umarnin Ubangiji ne, ni ma ina yi wa mutane. Cewa na yi ba shi ne ceto ba. Kuma ba zan ba da ran uwata a kan alama ba."

Sai Mama ta karkaɗe ɓawon agushi daga cinyarta.

"Kun gama?" ta ce. "Fasto, in na mutu yau, na san wurin da zan je. Wannan ni da Shi mun gama magana tun a bakin wuta. Amma mutanen gari sun gan ni da tukunya, babba da yaro. To su gan ni cikin ruwa. Auta, in Fada ya zuba mini a ɗakin nan, wa zai gani? Labule?"

Auta ta fashe da kuka. Cikin kukan ne ta tona kanta, wai tun ranar da aka dawo daga asibiti take yawo da 'yar kwalbar ruwa a jaka, don a cocinsu in rai ya zo fita kowane mai bi zai iya yi wa mutum baftisma. Yaya ya buɗe baki, Mama ta ɗaga masa hannu.

"Ajiye kwalbanka," ta ce wa Auta. "In na fara tafiya kafin Disamba, ka zuba."

"Haba Mama!" in ji Yaya.

"Kai ka ce ba ya yin kome. To me zai ɓata?"

Duk da halin da ake ciki sai da na yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya yi mana addu'a, ya kama hanyar tasha, bai ko tsaya cin gwaten da na dafa ba.

Watanni suka wuce a haka. Magani ya karɓe ta, kumburin ya ragu, amma barci har yanzu a zaune. Da aka fara haƙar citta ta tasa ni gaba sai na mai da ita gida. Na kai ta, na ɗauki hutu na zauna da ita. Kowane fako da kowane falalen dutse a ƙauyen ya cika da cittar da aka tsaga aka shanya, iska duk yaji, ka yi atishawa har ka gaji. Mama ta sa aka fito mata da kujera cikin matan da ke tsaga, tana riƙe da 'yar wuƙa, ta tsaga ɗaya ta huta, tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta.

Faston ƙauyenmu yaro ne da bai daɗe da fitowa makaranta ba, ba a naɗa shi ba tukuna, kuma a wurinmu sai naɗaɗɗe ke shiga ruwa da mutane. Rabaran ɗin da aka saba gayyatowa daga Kwoi ya zo ya gaishe ta, ya ga yadda take haki daga gaisuwa kawai, ya ja ni gefe. Ya ce shi kam tsohuwa ba za ta cika a hannunsa ba. In ɗanta ya yarda, ya zo ya shiga da ita da kansa, shi zai ba shi wuri da farin ciki. Ban ga laifinsa ba.

Da na gaya wa Mama, ko a jikinta. Ta ce ranar za ta sa rigarta ta shiga layi da yaran ajinsu, in akwai mai hana ta sai ya hana ta a gaban jama'a. Na san uwata. Na kira Yaya na maimaita masa maganarta kalma da kalma, ban ƙara ko gishiri ba. Ya ce zai zo.

Ana gobe baftisma samarin coci sukan tare rafin. A watan Disamba ruwan bai wuce gwiwa ba, saboda haka sukan cika tsofaffin buhunan taki da yashi, su jera su a inda duwatsu biyu suka matse, ruwa ya taru a baya har ya kai ƙugu. A can na sami Yaya da yamma, ya naɗe wando ya shiga, yana taka ƙasan ruwan yana fitar da duwatsu masu kaifi. Da ya fito ƙafafunsa sun yi fari don sanyi.

"In ta mutu a hannuna fa?" ya ce, bai dube ni ba.

"In ta mutu a kujera ba a yi ba fa?" na ce. "Kai fa? Za ka ƙara iya tsayawa a rafin nan ka nutsar da uwar wani?"

Ya sunkuya yana sauke naɗin wandonsa. Ban ji daɗin bakina ba, don na ga tsoro a fuskarsa, kuma ni ma ina jin sa. Abin da na sani kawai shi ne ran nata ne, kuma ta riga ta faɗi abin da take so ta yi da shi.

Auta ce ta kawo dabarar, ita da ba ta yarda da zuwa rafin ba tun farko. Ta iso daga Kafanchan da farar rigar a goge, ta sa hannu a ruwan, ta janye da sauri, ta ce in dai sai an yi, to ba a cikin wannan ƙanƙarar ba. Ta wuce kai tsaye gidan shugabar zumuntar matan coci. Kafin rana ta faɗi an tattaro duk manyan tukwanen da ake dafa shinkafar biki da su a ƙauyen, samari kuma suka haƙa wata 'yar hanya a gefe don sabon ruwa ya riƙa zagayewa, kada ya shiga tafkin. Yaya ya roƙi dattawa aka ɗaga baftismar daga safe zuwa bayan rana ta take.

Ban taɓa ganin bakin rafi irin na ranar ba. Murhu a jere a kan duwatsu, hayaƙi ya tashi kamar ana bikin ɗan sarki. Matan zumunta cikin ankonsu suna ɗibar ruwa suna ɗorawa, in ya tafasa biyu su kama tukunya da tsumma su juye a tafkin, Auta a tsakiyarsu da zanen cocinsu dabam, tana ba da oda kamar ita ce shugaba. Jama'a sun cika gaɓa biyu. Mutanen cocinmu, mutanen cocin su Auta, tsofaffin da suka sha burkutun Mama har haƙoransu suka zube, har fataken da suka zo sayen citta sun bar motarsu sun tsaya daga nesa. Na tsoma hannu a ruwan. Gaskiya ba wani zafi ya yi ba, tukunya nawa ce za ta ɗumama rafi? Amma cizon sanyin ya tafi, kuma tururi yana tashi a sama.

Aka ce Mama za a fara yi wa, kafin ruwan ya huce. A kan farar kujerar roba aka sauko da ita, dattawa biyu suna riƙe da hannuwan kujerar, suka shiga da ita a hankali har ruwan ya kai mata ƙirji. Na ga ta ja numfashi da ƙarfi, kafaɗunta suka ɗaga. Yaya ya tsaya a gefenta. Dabarar ita ce ya karkatar da kujerar ta baya, dattawan su tallafa, ta nutse ta fito cikin ƙiftawar ido.

Ya tambaye ta ko ta ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, Ɗan Allah, Mai Cetonta.

"Tun da daɗewa," ta ce, har na can baya suka ji.

Sai ya kira sunanta, kamar yadda ake kiran na kowa a cikin ruwa. Tun da aka haife shi bai taɓa furta sunan nan ba, kuma rabin mutanen da ke tsaye mai burkutu kawai suka san ta da shi. Muryarsa ta karye a tsakiya. Ya ɗaga hannu ya yi mata baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya karkata kujerar, ya ɗago ta da sauri.

Mawaƙa suka ɓarke da waƙa, mata suka rangaɗa guɗa. Amma ina kusa, na ga abin da ya faru. Ruwan ya rufe kafaɗunta, ya rufe ƙeyarta da kunnuwanta, ya zo har haɓa, sai hannun Yaya ya ƙi. Fuskarta ba ta shiga ba. Dattawan nan biyu su ma sun gani, suka dubi juna, suka kau da kai, suka fara juya kujerar zuwa gaɓa. A ikilisiyar da ake sake nutsar da yaro in gwiwar hannunsa ta leƙo waje, ranar ba wanda ya ce uffan. Ni ma na yi shiru, ina cewa a raina an gama, tana numfashi, Allah mun gode.

Mama ta shafa fuskarta, ta dubi tafin hannunta, ta sake shafawa da bayan hannu. Sai ta cafke rigar Yaya a ƙirji.

"Ban shiga duka ba."

"Mama, ya isa. An karɓa."

"Fuskana ya bushe. Haka ka yi wa sauran?"

Mawaƙan da ke kusa suka fara yin shiru, shirun ya bi layi har ganga ta tsaya. Tana haki, leɓunanta sun canja launi, amma ba ta saki rigar ba. Auta tana bakin ruwa da bargo a buɗe, tana kuka tana cewa a fito da ita.

"Mama, zuciyarki," in ji Yaya. Hawaye yana zuba a fuskarsa, bai ko share ba.

"Na jira. Kada ka ba ni rabi."

Ya dubi dattawan, suka sunkuyar da kai. Ya dube ni. Ban gyaɗa kai ba, ban girgiza ba, don ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da ta faɗa. Ya sa tafin hannunsa ya rufe mata hanci da baki, ɗaya hannun a bayan wuyanta, ya ce mata da yarenmu ta ja numfashi. Ta ja. Ya kai ta ƙasa har farin ɗankwalinta ya ɓace, ruwan ya haɗe a samanta.

Da ya ɗago ta idonta a rufe yake, kanta ya langaɓe a hannunsa, ruwa yana tsiyaya daga furfurarta. Ba wanda ya motsa a gaɓa biyun nan. Ni dai na san ƙafafuna sun shiga ruwan da takalmi ban sani ba. Sai ta yi tari, ta sake yi, ta ja wata doguwar iska mai ƙara kamar ana jan guga, ta buɗe ido.

Ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa ba. Auta ta faɗa cikin tafkin da bargon gaba ɗaya ta rungume ta. Yaya kuwa ya durƙusa a cikin ruwan har wuya, ya kifa kansa a kafaɗarta yana kuka kamar yaron goye, Rabaran guda, a gaban dukan gari. Yaran ajinsu suna tsaye a layi cikin fararen kaya, suna rawar sanyi, ba su san ko su yi waƙa ko su yi kuka ba.

Mama ta bar shi ya ɗan yi. Sannan ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a kansa, ta ce, tana haki tsakanin kalma da kalma:

"Tashi, Fasto. Yara suna jira, ruwa zai huce."